Ashana Ɗaya a Bukkar Arewa

Gryllefjord, Oktoba 1970

Zuwa ga Baba Sivert,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sauran tsofaffin ma'aikatan jirgi da kuke zaune tare a gidan nan na Tromsø. Ba ka san ni ba. Sunana Ragna, ni ce ƙanwar Eilif Myrvang, wanda kuka tafi farautar dila tare a tsibirin Jan Mayen a 1928, ka dawo shi bai dawo ba. Ina ƙarama lokacin, ina laɓe a bayan ƙofa ranar da ka zo ka gaya wa mahaifinmu.

Mahaifin namu ya rasu a farkon kaka, yana da shekara casa'in, da haƙoransa da taurin kansa. Tun ranar da ka zo bai sake furta sunan Eilif ba, mu ma ya hana mu. Da faɗa suka rabu. Eilif ya ce masa, "Ba za ka sake ganina ba," ya buga ƙofa. Da ka ce ya hau ƙanƙarar babban dutsen tsibirin shi kaɗai, ba igiya ba aboki, sai Baba ya yanke cewa da gangan ya je ya jefar da ransa. Ka san mutanenmu da irin wannan magana. Daf da cikawarsa ya riƙe hannuna, ya sa na yi alkawari cewa sunan wanda ya kashe kansa ba zai hau dutsen kabarin gidanmu ba. Na yi, kuma alkawari kaya ne. Mai sassaƙa zai zo da zarar ƙanƙara ta saki ƙasa a bazara, ya rubuta sunan Baba ƙarƙashin na Inna. Daga nan wurin suna ɗaya ya rage a dutsen.

Da na yi shiru abina. Sai ga shi watan jiya dutsen nan Beerenberg, wanda kowa ya ce ya mutu tun kaka da kakanni, ya tsage yana aman wuta. Ɗana Jarle yana aiki a tashar duba yanayi ta tsibirin, har kwashe su aka yi na ɗan lokaci. Da hankalina ya dawo jikina sai na tuna wata magana da ka yi ranar nan kana murza hula a hannu: "Yaron ya dage wai dutsen yana da ɗumi." Tun ina yarinya maganar take kaina ban san ma'anarta ba.

Don Allah ka gaya mini, me ya kai shi saman ƙanƙarar? Idan mutuwa ya je nema, zan cika alkawarina ko da zuciyata ba ta so. Idan wani abu ne daban, ina so in sani kafin bazara.

Taka cikin girmamawa,
Ragna Myrvang

Tromsø, Nuwamba 1970

Ƙanwar Eilif,

Na samu takardarki, ina gaishe ki, Allah ya ji ƙan tsohonku. Ki yi haƙuri da rubutuna, yatsu takwas suka rage mini, biyun suna can tsibirin suna jirana.

Na tuna ki sarai. Kina tsammanin kin ɓuya, ga ƙafafunki a fili ta ƙarƙashin ƙofa.

Tsibirin nan kamar ludayi ne da aka kife. Mariƙin yana kudu, siriri, can muka zauna. Kan ludayin kuma shi ne dutsen, ya cinye arewa gaba ɗaya. Ƙanƙara ta rufe shi tun daga ƙoƙon kansa, tana gangarowa ta kowane gefe kamar koguna, wasu har cikin teku suke faɗawa. Kogunan nan tafiya suke yi a hankali, suna tsagewa, dusar ƙanƙara ta zo ta rufe bakin tsagar, ka taka ka wuce ba sallama. Ga hazo. Sai ka yi wata guda a gindinsa ba ka ga kansa ba. Mutanen Holand masu kisan manyan kifayen teku su suka raɗa masa suna, suka bar mana ƙasusuwa a bakin ruwa suka tafi. 'Yan shekaru kafin zuwanmu wasu masu ilimi sun hau har ƙoli, ɗaure da igiya. Amma a sanina ba wanda ya taɓa ƙetare kafaɗarsa ya sauka ta arewa.

To, ranar da jirgi ya kawo mu ya zagaya ta arewa, hazo ya ɗan buɗe, sai yayanki ya hango wani baƙin tabo can sama a tsakiyar fari. Ya ce, "Sivert, me ya hana dusa zama a wurin can?" Na ce iska ce take sharewa. Ya ce, "Iskar ba ta ga sauran wurin ba ne?" Ai kuwa na shiga uku. Duk hunturun nan, ina feɗe dila yana tambaya, ina cin abinci yana tambaya. Wai ƙasa ce mai ɗumi, wai dutsen barci yake yi bai mutu ba. Na ce, "In yana da ɗumi je ka gasa mana kifi a kai, ka huta da saran itace, malalaci." Malalaci ne fa, kada ki ji haushi. Ko tukunya ba ya wankewa, safarsa ɗaya a gado ɗaya a cikin kwanon miya.

Da yini ya yi tsawo a Afrilu ya ce mu tafi tare. Na ce dila na zo kamawa, ban zo jin zafin jikin dutse ba. Igiya kuwa sai da mutum biyu take aiki. Ya ɗauki guzuri, ya ce zai ƙetare, ya kwana a wata bukka da mafarautan da suka riga mu suka gina a arewa, ya dawo. Da fito a bakinsa ya fita.

Da shiru ya yi yawa, muka jira teku ta kwanta, ni da mutum biyu daga tashar duba yanayi muka zagaya da kwale-kwale. Wajen sauka igiyar ruwa ta kifar da mu. Da rarrafe na isa bukkar, hannayena sun mutu. Kin san dokarmu: wanda zai bar bukka sai ya share toka, ya jera busasshen itace a murhu, ya zaro 'ya'yan ashana su leƙo daga kwali, don wanda zai zo yatsunsa a sandare ya iya kamawa ko da haƙori. Haka muka tarar. Da haƙorin na kyasta, ashana ɗaya wuta ta tashi. Na sa wa mutanen da suka bar bukkar shekara biyu kafin nan albarka. Komai tsaf, tukunya a wanke a kife, ba alamar mutum. Muka dubi juna muka ce bai iso ba, ƙanƙara ta haɗiye shi a hanya.

Abin da ke zuciyarsa kuwa ban sani ba. Ya taɓa ce mini gidanku ya fi tsibirin sanyi. Ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Amma ranar da na ji a rediyo dutsen ya fashe, ta arewa maso gabas ɗin nan da yake nunawa, na ajiye kofina na fita waje. Ya ci ni a gardama, kuma babu shi balle ya yi mini dariya.

Ki gaida ɗanki.
Sivert Brattli

Gryllefjord, Nuwamba 1970

Jarle ɗana,

Ina gaishe ka. An ce jirgin sama zai kawo muku saƙo kafin Kirsimeti, ga safa biyu da busasshen nama. Ka sa safar, kada ka ba abokanka su share bindiga da ita kamar bara.

Na haɗo maka da takardar wani tsoho, ka karanta. Kawunka Eilif ake magana, wanda na taɓa nuna maka hotonsa a ɓoye. Tsohon ya ce malalaci ne, kuma gaskiya ya faɗa, amma ni ban taɓa ganin lalacinsa ba. Ni ce mai kunna wutar gida da asuba tun ina shekara shida, in na ɓata ashana Baba ya ja kunnena. Eilif ne yake haɗa mini murhu kafin ya kwanta, don kada in sha wahala. Duk gidan ba wanda ya sani sai ni da shi.

Kai da kake kwana kana tashi a gindin dutsen nan, ka duba mini. Mutum ɗaya zai iya ƙetare shi, ko kuwa duk wanda ya hau shi kaɗai ya san ba zai dawo ba? Bukkar arewa tana nan? Kuma wai yaya dutsen yake ne? Ni a jarida kawai na gan shi, baƙi da fari, hayaƙi ya rufe rabi. Tun da na karanta takardar tsohon nake kife ludayi a kan tebur ina kallo, har maƙwabciya ta fara yi mini kallon mai taɓin hankali.

Kada ka ce na ce ka hau! In ka hau ni da kai ne.

Mamanka

Jan Mayen, Janairu 1971

Mama,

Gaisuwa da ban girma. Safa ta iso, tana ƙafata. Naman kuwa ko kwana bai yi ba, kin san gardawan nan da hanci.

Yanzu duhu ne dare da rana, aikina sakin balan-balan da rubuta inda iska ta kai shi. Amma kin yi sa'a, tambayarki ta zo bayan na riga na je. Da aka dawo da mu bayan kwashewar, wasu malaman duwatsu sun nemi masu ɗaukar kaya zuwa arewa, na bi su a jirgin ruwa. Mama, gani ya kori ji! Narkakken dutse ya gangaro ta cikin ƙanƙara ya shiga teku, ya yi sabuwar ƙasa, baƙa wuluk, tana tururi. Na tsaya a wurin da watanni kaɗan da suka wuce kifi ne ke iyo. Tafin takalmina har laushi ya yi. Babban malamin ya naɗe taswirarsa ya ce, "Wannan ta zama ta kunna wuta." Ƙanƙarar kuwa toka ta rufe ta, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Bukkar na gan ta ban san ta kawu ce ba. Ta daɗe da rushewa, toka ta binne saura. Bututun murhu kawai ya leƙo. Babu abin da za ta gaya mana.

Zancen ƙetarewa kuwa, na karanta wa mutanen tasha takardar tsohon a wurin cin abinci, gardama ta kaure har miya ta huce. Mai dafa mana abinci ya ce hauka ne, shi ko bayan gida ba ya zuwa ba igiya in iska ta taso. Shugabanmu, wanda ya hau dutsen sau biyu, ya shimfiɗa hoton da aka ɗauka daga sama. Ya ce a Afrilu dusa tana da kauri, tana ɗaukar mutum a kan tsaga, kuma akwai wani ƙashin baya na dutse tsakanin kogunan ƙanƙara biyu, mai ido zai iya bi. Na ce to zai yiwu ke nan? Ya ce, "Zai yiwu ga mai sa'a, zai yiwu kuma ga wanda bai damu ya dawo ba. Dutsen ba ya tambayar wanne ne kai."

Na san ba wannan amsar kike so ba. Ni dai a ganina ki sa a rubuta sunan kawai, Kaka ba zai tashi ya goge ba. Amma na san ki, ba za ki yi ba.

Jiya wata ya fito, hazo ya janye, na ga dutsen tun daga teku har ƙoli, fari fat, da ɗan ja-ja a gefensa na arewa. Na daɗe a tsaye. Ni ma da zan so in san abin da ke bayansa.

Ɗanki,
Jarle

Gryllefjord, Fabrairu 1971

Baba Sivert,

Ina gaishe ka da sanyi. Na gode da ka gaya mini gaskiya ba ka shafa mata zuma ba. Jarle ya ce bukkar ta tafi, kuma masana dutsen sun kasa raba gardama. Ke nan ba ni da hujjar da zan warware alkawari da ita. Na aika wa mai sassaƙa cewa sunan Baba kaɗai zai rubuta. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ga safar hannu na saƙa maka, na rufe wurin yatsu biyun don kada iska ta shiga. Ban san ko a hannu ɗaya suke ba, na yi canke. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, tambayar mai kunna wuta ce kawai: tsibirin ba bishiya, itacen da teku ke kawowa kuwa ai gishiri ne da danshi. Ta yaya ya kama da ashana ɗaya, kuma da haƙori?

Ragna

Tromsø, Maris 1971

'Yar nan,

Kin canka daidai, hannun hagu ne. Tsofaffin gidan nan sai hassada suke yi, wani har ya ce zai sare nasa yatsun ko a saƙa masa.

Kin yi tambayar masu hankali. Ba itacen ba ne ya kama, wani abu ne da aka sa a ƙarƙashinsa. Mafarautan da suka bar bukkar, ko su wane ne, ɗayansu gwani ne. Ya ɗauki ɗan busasshen ƙirare ya fere shi da wuƙa, sassaƙen bai cire ba, ya bar su sun nannaɗe ta baya kamar jelar zakara. Ta gaba kuma ya yi masa ɗan kai da ido da baki, har da tsaga uku na zanko. Ya tsayar da shi a tsakiyar murhu, jelar tana kallon ƙofa. Na tuna ina kwance ina rawar ɗari ina cewa, wane marar aikin yi ne ya zauna yana yi wa itacen wuta ido? Ina taɓa jelar da ashana ta kama fuu.

Tun daga ranar nake yin irinsa. Na yi a Greenland, na yi a jirgi, na koya wa yara ba adadi, har ana kiransa zakaran Sivert, ni kuwa ban musa ba. Ba ni da abin da zan rama miki safar da shi, ga guda ɗaya a cikin kwalin taba. Ki gwada a murhunki.

Sivert

Gryllefjord, Maris 1971

Baba Sivert,

Gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta.

Na buɗe kwalin a tsaye, sai ga ni a ƙasa. Wannan ba zakaran Sivert ba ne, zakarana ne. Eilif ne ya ƙirƙiro shi saboda ni, a ɗakin girkinmu, da wuƙar yankan kifi. Kullum da asuba nakan tarar da shi a murhu, jela tana kallon ƙofa don ɗan hannuna ya kai. Tsaga uku na zankon nan, ɗaya tasa, ɗaya tawa, ɗaya ta Inna. Yakan ce, "Zakaranki da ashana ɗaya yake cara." Ba wanda ya taɓa ganinsa, don kafin kowa ya tashi ya zama toka. Ranar da ya buga ƙofa ya tafi ma, washegari na tarar da guda ɗaya, wanda ya fere tun kafin faɗan. Kai ba ka gan shi yana yi ba domin wutar bukkarku ba ta mutuwa, kuma kowa da layin tarkonsa.

Ya iso, Baba Sivert. Ya ƙetare dutsen nan shi kaɗai, ya sauka ta arewa, ya kwana a bukkar. Da safe malalacin naka ya wanke tukunya, ya share toka, ya zauna ya fere zakara da ido da baki, ya zaro ashana. Kun nemi ƙazantarsa ba ku gani ba, shi kuwa dokarku ya bi, wadda kai ka koya masa.

Ban san inda ya nufa daga nan ba. Amma na san yayana. In ransa a ɓace yake ko cokali ba ya ɗagawa. Zakara sai yana fito yake fere shi. Mai neman mutuwa da ya tsaya a tsaga ta farko, ga su nan birjik a hanya, ba sai ya sha wahalar ƙetare dutse ba. Alkawarina a kan wanda ya kashe kansa ne, kuma babu irin wannan a gidanmu.

Kada ka zargi kanka. Da ba ka ƙone shi ba da ba ka rayu ka aiko mini da shi ba.

Ragna

Tromsø, Afrilu 1971

Ragna,

Na karanta. Kwana biyu ban sauka cin abinci ba, har mai kula da mu ta kira likita, na kore shi.

Ina jin ta bakin teku ya biyo don ya dawo da sauri, a ƙarƙashin inda ƙanƙara take karyewa ta faɗa ruwa. Mun wuce wurin da kwale-kwale, idonmu yana sama a kan dutse, ba wanda ya dubi gaɓa. Sauri yake yi ya zo ya ce mini, "Sivert, na taɓa, da ɗumi." Na san shi, ba zai iya haƙuri ya bi doguwar hanya ba.

Na zo gidanku na ce ɗanku bai kai ko'ina ba, da hannayen da ya cece su nake murza hular. Yau da safe na tara tsofaffin gidan nan na ce daga yau sunan abin nan zakaran Eilif, wanda ya sake cewa na Sivert zan fasa masa kai da sanda.

Yaushe mai sassaƙan zai zo? In akwai jirgin da ke tsayawa a garinku, ina so in tsaya a wurin.

Sivert

Gryllefjord, Mayu 1971

Jarle,

Gaisuwa. An rubuta. Sunan kawunka yana ƙarƙashin na kakanka, su ƙarasa faɗansu a can. Mai sassaƙa ya ce a sa "ya ɓata a Beerenberg." Tsoho Sivert ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Bai ɓata a dutsen ba, ƙetare shi ya yi." Haka aka sa.

Zakaran yana kan taga, ban kunna shi ba. In hazo ya buɗe ka duba mini gefen arewa.

Mamanka